Gadin Habu a Bakin Kanal

Ranar wata Laraba ce a farkon bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka tashe mu tara rana na dukan tsakar ka. Tara muke ce wa hutun a makarantar ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, amma ba ta zuwa sai rana ta kusa take tsaka. Yara suka watse kamar an buɗe wa kaji akurki, wasu suka yi wajen masu ɗanwake da rogo da ƙuli, maza suka hau ƙwallon tsumma, 'yan mata suka baje a inuwa suna carafke. Ni kuwa na ruga ƙofar aji biyu ina bin kawuna da ido, ina neman kai guda ɗaya, na ƙanena Habu. Aji ya fashe tas, ban gan shi ba.

Habu yana da farfaɗiya tun yana ƙarami. Makarantar kuwa a gefen kanal take, wato babbar hanyar ruwan nan ta siminti da ke shayar da gonakin tumatir da albasa na duk yankinmu, ba katanga ba shinge tsakaninmu da ita. Shi ya sa Baba ya ƙi sa shi a makaranta, sai da Inna ta yi ta magiya har ya gaji ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce, "Ranar da ya shigo gidan nan da jiƙaƙƙen wando, ranar ya yi sallama da boko." Baba kuwa ba ya magana biyu. Inna ta juyo ta ɗora min kayan gaba ɗaya: "Binta, ruwa bai san na gida ba. Idonki a kansa." Kullum muka dawo sai ta kama ƙaurinsa ta karta da farce, don fatar wanda ya shiga ruwa ya bushe a rana tana fitar da farin layi. Sauran yara suna da dabararsu, sukan lakaci man gyaɗa a kwanon mai ɗanwake su shafe ƙafafu kafin su koma gida. Ni dai addu'ata kada mu taɓa bukatar wannan dabarar.

Saboda haka abin da ake kira hutu, ni a wajena gadi ne. A tsaye nake cin abinci, loma a baki ido a fili. Habu kuma ba yaron da ke zama ba ne, ƙafarsa ƙaiƙayi take yi kamar ta ɗan akuya. Ya hau tagar aji, ya bi ƙadangare, ya tsoma kansa a langa alhali ko ƙafa biyu ba ta riƙe shi sosai. Duk inda ya juya ya gan ni a bayansa, har ya sa min suna 'Yar Sanda, 'yan ajinsu suka kama. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba. Ina jin ƙawayena suna shewa a wajen wasa, ni ina zagaye fili kamar kazar da ta ƙyanƙyashe ɗan agwagwa.

Kowa a ƙauyen ya san ranar Laraba ba ta ruwa ba ce. Ranar ake rufe ƙofar ruwa a can sama, a juya shi ga wani ɓangare, kanal ɗinmu ya ƙafe sai 'yan kududdufai a ƙasansa. Malamin da ke kan duti, wato mai aikin lura da yara, wanda sauran ranaku yake tsayuwa a bakin kanal da tsumagiyar darbejiya yana kora mu, ranar Laraba yakan samu inuwa ya zauna. Maza kuma su sulale ciki suna kamun ƙananan karfasa da ruwa ya tafi ya bari. To, ashe a wannan Larabar zafi ya sa tumatir ya fara yaushi, manoma suka je suka matsa wa mai kula da ƙofar ruwa har ya buɗe tun ranarmu ba ta zo ba. Babu wanda ya tuna da cewa akwai makaranta a hanya.

Da ban ga Habu a aji ba sai na nufi bakin kanal, ina isa na fara ganin kumfa da karmami suna rarrafowa a kan siminti, sannan na ji wani gunji daga can wajen ƙofar ruwa. Yara suka hau ihun murna, "Ruwa! Ruwa!" suna rige-rigen hawowa ta gefe. Kowa ya fito sai mutum ɗaya. Habu yana tsaye a tsakiya, kifi a hannu, ya ƙame, idanunsa sun kafe a wuri guda. Na san wannan kallon, shi ne yake zuwa kafin ya faɗi. Ban san irin ƙarar da na ƙwalla ba, na dai ga Malam Sale, wani siririn malamin lissafi da ke kan duti ranar, ya yi jifa da kwanon ɗanwakensa ya sheƙo a guje. Bai tsaya cire takalmi ba, ya zame ta kan simintin da farin kaftaninsa. Kafin ya kai gare shi ruwa ya wuce gwiwa, Habu ya kife. Ya cafo shi ya saɓa a kafaɗa, manyan yaran aji shida suka riƙe hannun juna suka jawo su. Aka kwantar da shi ta gefe a inuwa, yana ta fizga, har ya lafa ya buɗe ido.

Da na ga yana numfashi, sai tsoro na biyu ya taso min: wandon. Na durƙusa gaban Malam Sale ina kuka, na ce ya bari mu shanya shi a rana, zan nemo mai in shafe masa ƙafa, ba wanda zai sani. Ya dube ni, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Wandon zai bushe, Binta. Bakin yaran nan fa?"

Haka ya sa mu a gaba, yana riƙe da hannun Habu, har gonarmu. Muka tarar da Baba cikin fara'a, ya naɗe wando yana buɗe wa kunyoyin tumatir hanya da fartanya, yana murnar ruwan da ya zo da wuri. Ya ɗago ya ga ɗansa sharkaf, fara'ar ta ɗauke. Malam Sale ya faɗa masa komai, bai rage ba. Baba ya ce, "To, an gama. Allah ya saka da alheri, Malam." Na san ke nan Habu ya yi sallama da boko. Amma Malam Sale bai juya ba, sai ya tsugunna a bakin kunya da jiƙaƙƙun kayansa ya ce, "Malam Haruna, wanda ya zauna a inuwa shi ne mai laifi, kuma ni ne. Ka bar min yaron nan. Daga yau lokacin tara a hannuna yake." Baba ya dubi ruwan da ke bin ƙafarsa, ya ce, "Amana ce fa."

Washegari Malam Sale ya damƙa wa Habu guntun ƙarfen da ake buga ƙararrawa da shi. Ƙararrawar wani tsohon faifan garmar tarakta ce da aka rataye a bishiya, kuma mai buga ta dole ya zauna kusa da agogon malam, kada lokaci ya wuce. Habu ya kumbura kamar an naɗa shi sarauta, ba ya yarda ya matsa ko nan da can, kada wani ya ƙwace masa muƙami. Malam Sale kuwa, ko duti nasa ne ko ba nasa ba, a gindin bishiyar nan yake zama, har Habu ya gama aji shida. Ni kuma aka sallame ni. Na zauna carafke a karon farko, duwatsu suka yi ta zubewa, ƙawata Lami tana dariya tana cewa hannuna ne kawai ya zo, idona yana bakin kanal.

Yanzu an zagaye makarantar da katanga, an sa ƙofar ƙarfe da mai gadi, yara suna cin biskit a baranda, ko ƙarar ruwan ba sa ji. Habu tela ne a Kura, yana shan maganinsa, da kansa yake karanta wa 'ya'yansa aikin gida. Bara Malam Sale ya rasu. A wajen ta'aziyya matarsa take gaya min cewa a shekarun nan duk malamai lokacin tara suke hawa keke su leƙa gonakinsu su juya ruwa, shi kaɗai ne ba ya zuwa, albasarsa ce kullum ta ƙarshe a shan ruwa, har ana yi masa tsiya da cewa ya iya lissafi bai iya noma ba. Bai taɓa gaya mata dalili ba. Na fito na bi ta gefen makarantar, ina jin hayaniyar yara daga ciki, na yi masa addu'a. Katanga tana tsare yaro, amma ba ta san sunansa ba.