Malam Ila da Tambayar Dalma

Da safen nan ina buɗe shago a Maigatari aka kira ni: Malam Ila ya rasu a Gumel. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kasa taɓa aikin komai.

Shi ya koyar da mu kemistiri a sakandare. Ni ɗan bencin baya ne. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, kabon da dalma layinsu ɗaya a jadawalin sinadarai. Me ya sa kabon ke haɗi da electron huɗu, dalma kuwa ta fi son biyu?"

Aji ya kwashe da dariya, don ba a saba jin muryata ba.

Malam ya tsawatar, ya ce, "Nura, tambayar 'yan jami'a ka yi. Sunanta inert pair effect. In sinadari ya yi nauyi irin na dalma, sai electron biyu na waje su noƙe, su ƙi shiga haɗi." Washegari ya ɗauro mataccen batirin mota a babur ɗinsa, ya nuna min inda abin yake aiki.

Ban je jami'a ba. Gyaran batir da sola nake yi, kuma da su nake riƙe da gidana.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata ranar kasuwa ce, kafin azumin bana. Ya biyo ta shagona, ya tarar ina narka dalma, 'yata Hafsa na gefe tana cin gyaɗa. Ko zama bai yi ba, ya janye ta waje.

Ya ce, "Ka manta ne? Dalmar nan mai caji biyu, jiki ɗaukarta yake kamar calcium, sinadarin da ke gina ƙashi, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Yara ta fi yi wa illa."

Bai tafi ba sai da na kashe wutar.

Na kai Hafsa gwajin jini. Likita ya ce akwai dalmar, amma an gano da wuri. Yanzu ta murmure, tana zuwa makaranta. Abokan sana'ata ma sun daina narka dalma kusa da yara.

Kullum ina cewa zan je Gumel in faɗa masa yadda gargaɗinsa ya ceci Hafsa. Allah bai nufa ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ilimin nan ya riƙa isa gare shi a matsayin sadaka mai gudana. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.