Jan Da Ya Fito Wa Gatarin Aradu

Ina warware ɗankwalin na ga ja a jikin dutsen, layi-layi, kamar an shafa shi da yatsu masu jini.

Gatarin aradu ne, ɗan dutse mai santsi, ruwan toka. Kakana ya tsince shi a gonarmu ta hanyar Safo, aka ce tsawa ce ta jefo shi. Tun rasuwarsa yana hannun Iya, kakata. Da ɗakinta ya fara yoyo da damina ta ba ni ajiya, ni kuma don girmamawa na naɗe shi a sabon jan ɗankwalina, na ƙulle a leda, na tura ƙasan akwati.

Tun muna yara muke jin cewa in dutsen ya yi ja, aradu ta zaɓi wanda za ta faɗa wa. A kwalej an koya mana mutanen zamanin da ne suka sassaƙa irinsa, har na ci jarrabawar. Amma ranar hadari ya haɗo ta gefen tabki, kuma ni ce mai ajiya.

Iya ta same ni bayan rumbu da soso da sabulu, ina kuka.

"Ke ƴar lakwal mai boko, wanka za ki yi mishi?"

"Iya, jini ne. Ni aradu ta zaɓa."

Ta karɓa, ta sansana, ta dubi ɗankwalin da ya yi danshi. "Aje soson nan, tura abin za ki yi ciki."

Ta dama farar ƙasa da ruwan sama, ta lulluɓe dutsen da kauri, ta ajiye inda iska ke ratsawa. Na tambaye ta ko jinin ne. Ta ce in ƙasa ta bushe, ita za ta faɗa.

Ruwa ya sauko. Duk tsawar da aka yi sai na ƙanƙame Iya ina salati.

"Matsa can, ɗiyar nan, kar a yi kuskure a haɗa da ni."



Washegari bayan azahar ƙasar ta tsage. Iya ta ɓare ta da farce a hankali. Cikin ɓawon ya yi jaja-jaja, dutsen kuwa saura ɗan alama. Ta kara ɓawon da ɗankwalina, launi ɗaya.

"Rinin kasuwa ne ya yi gumi cikin leda. A sake shafawa, ya fita. Aradu ba ta ma san da ke ba. Tashi ki ci tuwo, tun jiya yake jiranki."