A Mayar da Mai Iri Gidanta Kafin Ruwa Ya Sauka

Kafin zakara ya yi cara, Yaya ta riga ta tone toka ta fito da garwashin jiya. Ba ta sayen ashana; in wuta ta mutu, ƙyastu da 'yar auduga sun ishe ta. Sai ta ɗaga kai ta duba zangarniyar gero da ke rataye saman murhu, ta taɓa kowace, ta sansana, sannan ta nufi rijiyar da ita da marigayi mijinta suka haƙa da hannunsu. Gidanta ne na ƙarshe kafin daji. Ba lantarki, ba famfo, ba ta kuma taɓa zuwa aro gidan kowa ba. Mu muke zuwa nata.

Maƙwabciyarta ce ni tun ina amarya. Ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a rage min ko kalma.

Shekarar da ambaliya ta cinye gada, rijiyoyinmu suka koma taɓo, yara suka fara zawo. Yaya ta huda gindin tuluna, ta ɗora wani kan wani, ta zuba tsakuwa da yashi da gawayi. Jan ruwa ya shiga ta sama, ya ɗigo ta ƙasa garau, ta tafasa ta raba mana. Da idona na gani. Gidan da ya sha ruwanta bai binne yaro ba.

Shekarar da damina ta ɗauke da wuri, geron kowa ya tsaya ba kai, nata ya nuna. Ta ba kowane gida cikin tafi biyu na iri, ta ce, "Wanda ya dafa wannan, kada ya gaishe ni." Tun ranar ake ce mata Mai Iri.

Ke ce rumbun da ba shi da kwaɗo, Yaya. Ke kika koya mana hayaƙi ne ke hana ƙwari cin iri.

To, bana ɗanta, mai shagon taya a birni, ya zo ya ga rufi baƙi ƙirin. "Inna, wannan ƙazantar kike shaƙa? Ki bari mutane su zage ni?" Ya sauke zangarniyar nan ya watsa wa kaji, ya sa uwarsa a mota. Na san don ƙauna ya yi, amma ɓarna ce. Tulun iri ɗaya na tsirar, wanda ta liƙe bakinsa da laka. Yana ƙarƙashin gadona. Wanda ta raba mana tuni ya gauraye da wani geron. In bai shiga ƙasa bana ba, irin nan ya ƙare, kuma ita kaɗai ta san wane ruwa ake shuka da shi, wanne ake bari ya wuce.

Na je birni na same ta a saman benen ɗanta, ta shuka wake a bokitin wanki. "Sun ba ki hutu, Yaya?" Ta ce, "Hutu ƙwarai. Ruwa ma da murɗawa yake zuwa. Ke dai, wutata fa?" Na ce tana murhuna, ban bari ta mutu ba.

Mun gode, Yaya, Allah Ya ƙara miki kwana. Ku kuma matan unguwa, in ta dawo ku zo ku durƙusa ku koya, ku daina yi wa hayaƙinta dariya.

Kai kuma ɗan Yaya, ni na goya ka, don haka saurara. Jiya hadari ya haɗu a gabas. Ka kawo ta. In ba ka kawo ta ba, da wannan ciwon gwiwar zan sake hawa benen in sauko da ita.