Zanen Gansakuka a Ɗakin Gashi

Akwai wata safiyar Talata da ba ta fita raina ba har yau. Ina shekara ta uku a sashen gashi na wani asibiti da ke Sama Road, inda muke koya wa waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye yadda za su sake tsayuwa da tafiya. Ni mataimakiya ce a lokacin. Aikina in riƙe majinyaci yayin da yake dafa wasu ƙarafa biyu yana ɗaga ƙafa.

Aka kawo mana Alhaji Bube, dattijo mai fataucin shanu daga Gawon Nama. Mako uku ɗansa na turo shi a keke, amma ko ƙarfen ya ƙi taɓawa. Magana ma sai gyaɗa kai. Shugabar sashenmu ta ce min, "Idan bai motsa ba makon nan, gaɓoɓin za su sandare, sai dai a mayar da shi gida."

A bangon ɗakin akwai wani tsohon zane: duwatsu baƙaƙe da gansakuka ta lulluɓe, ga ciyayi a gindinsu. Mu ma'aikata mun daina ganinsa. Ran nan na juya kekensa, sai na lura idonsa na kai.

"Baba, ya yi maka kyau?"

Sai ya ce, da harshe mai nauyi, "Ɗiyata, wanga wuri da ruwa kusa."

"Ai ba a zana ruwa ba, Baba."

"Dutse ba ya yin kore a banza. Wanda ya yi zanen ga ya san daji." Ya ce da yana kora shanu da ƙafa, irin wannan dutsen suke nema idan rani ya tsananta. Sai ya ce yana son ganin ciyawar da kyau, ko shanu na cin irinta.

Na ce, "Keken ba zai shiga lungun da zanen yake ba. Sai dai ka taka."

Ya harare ni, ya kama ƙarfen. Taku huɗu ya yi, gumi na zuba, ɗansa na share hawaye. Bayan wata biyu ya shigo da sandarsa, ba keke.

Ku da kuka fara aikin nan, ku riƙe wannan: kafin ku tambayi ƙafar mutum, ku nemi inda yake son zuwa.