Mutumin da ya huda mini bango

Ko shayi ban kurɓa ba yau da safe aka kira ni daga Basirka: Malam Iro magini ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya gina mini gidana na Birnin Kudu. A saman kowace taga ya jera bulo mai huda, ya sa raga. Da na haɗa sola na sayi esi, sai wayo ya kama ni, na sa aka toshe hudojin nan kaf da siminti, wai kada sanyi ya gudu batir ya wahala. Har abokai nake kira su zo su ga dabara.

Da marka ta kankama, gida ya fara warin danshi. Ga shanya a falo saboda ruwa, ga tururin girki, ga tagogi a rufe ruf. Takalmana suka yi fumfuna, bayan katifa ya yi baƙi. Duk wannan da sauƙi. Ƙaramar 'yata Hauwa'u ta kama tari da shessheƙa, mu je asibiti ya lafa, mu dawo gida ya tashi. Na tsorata ƙwarai.

Da kunya na kira Malam Iro.

Washegari ya zo a kan babur ɗinsa, rigarsa sharkaf. Ya shafa bango, ya shinshina tafin hannunsa, ya ɗaga kai ya kalli aikina. Na jira faɗa, bai yi ba.

Ya ce, "Malam, sanyi ka tsare, amma da ruwa ka kulle shi. Yarinyar nan ruwa take shaƙa."

Ya ɗauko kurfi da guduma ya buɗe hudojin kicin da na banɗaki da na falo. Ɗakin esi kaɗai ya bari, da sharaɗin a buɗe tagoginsa duk hantsin da rana ta fito. Ya sa muka janye gado daga jikin bango, muka wanke fumfunar, ya kafa wa uwargida rumfar shanya a tsakar gida. Abinci ma da ƙyar ya tsaya ya ci.

Kafin kaka, Hauwa'u ta koma guje-gujenta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha ce, watan jiya, zai je duba wani gini a Maruta. Bai tambaye ni gida ba. Sai ya ce, "Ya ƙirjin mutuniyata?" Na ce lafiya lau, zan kawo ta ta gaishe shi. Ban kai ta ba, kuma abin yana ci na.

Ɗazu na zaunar da ita na koya mata sunansa, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a da bakinta.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Kai da ka karanta, don Allah kada ka wuce, sa shi a addu'arka.