Dinarin Ƙurɗuba a Tafin Hannuna

Mun tashi daga Damagaram da asuba, ni da maiɗakina, bayan maƙwabta sun yi mana addu'a a ƙofar gida. Ga waɗanda ba su san ni ba, malamin tarihi ne ni a kwaleji, shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan aiki. Idona na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma yanar ido ta yi ta rufe shi a hankali, har na shekara uku ban karanta layi ɗaya da kaina ba. Da ka nake koyarwa. Likitan Yamai ya ce cire yana ba wani abu ba ne, amma da yake ido ɗaya ya rage, kuma shi ma ba lafiyayye ba, ba zai taɓa shi ba. Ya rubuta mini takarda zuwa ga wani malaminsa a Lyon, kuma bai ɓoye mini komai ba: ana iya dacewa, ana iya rasa ɗan ganin da ya saura.

Hanyar Yamai doguwa ce, yini guda cur. Kwaltar tana da kyau har Maradi, daga nan sai ramuka jefi-jefi. Maiɗakina ce idona a mota. Ita ke gaya mini gero ya yi kyau bana, da inda aka fara ganin shanu a bakin hanya bayan farin da ya cinye su shekarun baya. A Ƙonni muka ci tsire, ta ce na Damagaram ya fi shi. Ta ce haka game da duk abin da muka ci har muka dawo.

Ƙaninta ne ya tarbe mu a filin jirgin Paris. Alhaji ne, ɗan kasuwa, yana aika atamfa da agoguna gida daga wani ɗan shago kusa da Porte de la Chapelle, yana zaune da iyalinsa a hawa na tara a Saint-Denis. Abin da ya fara ba ni shi ne wata rigar sanyi mai nauyin buhun hatsi. Ga abin da na lura da shi a kwana huɗun da muka yi a can: mutane suna tafiya kamar an biyo su, ba a gaisawa a cikin metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, kuma kuɗin kofi ɗaya a tsaye ya isa cefanen miyar yini a gida. Burodinsu kuwa ba a magana. Ko maiɗakina abin kushewar da ta samo kawai shi ne wai tsawonsa ne ya yi yawa. A gidan Alhaji dai tuwon semolina muka ci da miyar kuka, da daddawar da maiɗakina ta ƙulle cikin leda uku don kada ma'aikatan filin jirgi su ji ƙanshi.

Akwai abu ɗaya da na roƙi Alhaji tun a wasiƙa. Duk wanda ya zauna a ajina ya san ina da wani darasi da nake ji da shi, na Halifa Abdurrahman na Uku, mai Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus. Ya hau mulki yana saurayi ɗan shekara ashirin da kaɗan, ya gaji kakansa, lokacin da ƙasar ta dare gida-gida, kowane mai ganuwa yana cewa shi ne sarki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wani da yaƙi, wani da lallashi, har ya haɗe ƙasar. Daga nan ya kira kansa halifa, alhali ga wani a Bagadaza, ga wani a arewacin Afirka. Ya yi shekara kusan hamsin a kan mulki, ya gina sabon birni a gindin dutse, sarakunan Turai suna turo masa jakadu, babban likitan fadarsa Bayahude ne. Duk wannan a littafi na sani. Na ji an ce a Paris akwai wani ɗakin ajiyar tsofaffin kuɗaɗe da ke da dinarin da aka buga da sunansa. Na ce wa Alhaji, kafin a sa mini wuƙa a ido, ina son in ga wannan dinari, don ban san ko zan sake ganin wani abu ba.

Ba a shiga wurin kai tsaye. Alhaji ya yi wata biyu yana rubuta takardu, shi da bai taɓa jin sunan halifan ba, har aka ba mu rana. Ya rufe shagonsa, muka tafi mu uku.

Wata dattijuwar Bafaranshiya ce ta karɓe mu, mai ƙaramar murya. Ta zaunar da mu a wani dogon tebur, ta fito da faranti mai shimfiɗar ƙyalle, ta kunna fitila, ta miƙo mini gilashin ƙara girma. Na sunkuya. Na matso da fitila, na juya kai hagu da dama. Ban ga komai ba sai wani ɗigo rawaya, kamar hasken aci-balbal daga nesa. Na daɗe a sunkuye don kada in ɗago su ga fuskata. Na sa mutum ya rufe shago, na tsallako hamada da teku, ga abin a gabana tazarar taki ɗaya.

Maiɗakina ce ta gane. Ta gaya wa ƙaninta da Hausa, shi kuma ya yi wa matar bayani. Sai na ji matar ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta ɗora dinarin a kai.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na bi shi da ɗan yatsa, na ji tudun haruffa a jere, da gefensa da ba daidai yake ba. Ta karanta mini abin da ke jiki da Larabcinta na makaranta: kalmar shahada a fuska ɗaya, a ɗayar kuma sunan halifan da laƙabinsa. Ta karya wasali guda a laƙabin, ni kuma halin aji ya motsa, na gyara mata. Ta yi dariya, ta maimaita daidai, ta gode. Ta ce mai yiwuwa zinariyar daga wajenmu ta fito, ta bi ayarin raƙuma ta haye hamada, amma ba za ta rantse a kan wannan ƙwaya ɗaya ba. Na tambayi maiɗakina yaya kamarsa take.

"Malam, ɗan mitsitsi ne," in ji ta. "Yadda kake ba da labarinsa na ɗauka ya kai faifai."

Washegari muka shiga sabon jirgin ƙasan nan mai gudu zuwa Lyon. Awa biyu kacal, tafiyar da aka ce ta kusa nisan Damagaram zuwa Ƙonni. Ko shayin da ke kan tebur bai zube ba. Maiɗakina ta ce ba ta iya ba ni labarin hanya, don kafin ta ce ga saniya an wuce garin. Lyon ta fi Paris natsuwa. Koguna biyu ne suka ratsa ta, da tuddai, da hazo da safe. Alhaji ya sauke mu wurin wani abokin cinikinsa, mutumin Tahoua, wanda ya bar mana ɗakinsa ya koma falo har kwana goma sha biyu, bai taɓa nuna gajiya ba.

A asibiti ɗakin mutum biyu aka ba ni. Maƙwabcina wani tsoho ne ɗan Aljeriya, ya yi shekara talatin yana aiki a masana'antar manyan motoci, shi ma ido ya kawo shi. Muna haɗa Faransanci da Larabci muna fahimtar juna. Ranar da ya rage kwana ɗaya a yi mini aiki, da la'asar, ya ga na kasa cin abinci, sai ya ce in ba shi labarin abin da nake koyarwa. Na san don ya ɗauke mini hankali ne, amma na karɓa. Na ba shi labarin halifan tun daga farko, na kawo inda nake rufe darasin kullum: an ruwaito cewa bayan rasuwarsa an sami wata takarda da ya lissafa kwanakin da ya yi cikin farin ciki tsantsa a duk mulkinsa, aka ga goma sha huɗu ne. A aji, nan nake cewa ku duba, duniya ba ta cika wa kowa.

Tsohon bai gamsu ba. Ya ce mutum ba ya rasa farin ciki haka kawai, me ya faru da shi? Sai na ga ina faɗin abubuwan da na sani amma ban cika kawowa a aji ba. An kashe mahaifinsa yana jariri, kuma ɗan'uwan mahaifin ne ya kashe shi. An taɓa fatattakar rundunarsa a wani yaƙi, ya tsira da ƙyar, har Alƙur'aninsa ya faɗa hannun abokan gaba, daga nan bai sake jagorantar yaƙi da kansa ba. Sannan ya sa an kashe ɗansa na cikinsa, da aka zarge shi da shirya masa juyin mulki.

Tsohon ya ce, "Wanda ya kashe ɗansa, sha huɗun ma a ina ya samo su?"

Daga nan ya gaya mini yana da ɗa a Marseille, shekara shida ba sa magana, a kan wata kalma da shi uban ya faɗa cikin fushi. Ɗan bai ma san yana asibiti ba. Ban ba shi shawara ba, don ba a tambaye ni ba. Amma da maiɗakina ta zo da yamma tare da mai masaukinmu, tsohon ya roƙe shi ya raka shi wurin tarho a ƙasan bene. Sun daɗe. Da ya dawo ya kwanta ya juya wa bango fuska. Ni kuma na ci abincina har na suɗe kwano.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. An rufe idon kwana biyu, kuma waɗannan kwanaki ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana su. Ranar buɗewa likitan ya zare audugar a hankali, ya ce kada in yi gaggawa. Da farko haske ne kawai mai zafi. Sai taga ta fito, sai ƙarfen gado, sai wata mata tsaye da mayafi shuɗi ta dafe baki da hannu. Na ga furfura a goshinta, wadda ban san da ita ba. Na ce mata, "Hajiya, yaushe kika tsufa?" Ta ce tun ranar da na fara zuba gishiri a shayi. Likitan bai ji Hausa ba, amma ya ga muna dariya muna hawaye, ya ce to a daina, hawaye ba su da kyau ga ɗinkin.

Na juya na ga maƙwabcina karo na farko. Ashe ɗan ƙaramin mutum ne mai manyan hannuwa. A bakin gadonsa ga wani magidanci zaune yana ɓare masa lemo, goshinsu iri ɗaya.

Kafin mu bar Lyon mai masaukinmu ya kai mu gidan ajiyar tsofaffin yadudduka, da yake garin masaƙa siliki ne tun da. A can na ga wani ɗan ƙyalle daga Andalus, wanda aka saƙa bayan zamanin halifan da daɗewa, ya koɗe, duk gefensa ya zaizaye. Da sabon tabarau na karanta kalma ɗaya da aka yi ta maimaitawa a jikinsa, albarka. Ita ce kalmar farko da na karanta da kaina cikin shekara uku. Dinarin kuwa ban koma na gan shi ba. Kwana ɗaya muka yi a Paris a dawowa, kuma ba a samun rana a wurin da gaggawa. Na aika wa dattijuwar nan takardar godiya da rubutun hannuna.

Mun iso Damagaram ranar Alhamis da yamma, gida cike da 'yan barka. Ran Litinin na koma aji.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Na tafi neman sarki, sai na dawo da alherin mutanen da ba wanda zai rubuta tarihinsu: suruki da ya rufe shago, baƙuwa da ta amince ta ɗora dukiyar shekara dubu a hannun makaho, mutumin da ya kwana a kujera don mu, likitan da hannunsa bai yi rawa ba, da matar da ta yi shekara uku tana gani a madadina ba ta taɓa yi mini gori ba. Allah Ya saka musu. Na kuma gane cewa na daɗe ina yi wa ɗalibaina rowar rabin labari. A wannan makon na ba su darasin Ƙurɗuba gaba ɗaya, da gine-ginen da jinin. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta tambaya, to shi mutumin kirki ne ko kuwa? Na ce mata ban sani ba, ta karanta ta yanke da kanta, hisabinsa kuma yana wurin Allah.

Sannan na buɗe rajista na kira suna da kaina. Shekara biyu ina koyar da waɗannan yara, na san muryar kowa da inda yake zama. Na ce duk wanda na kira ya miƙe tsaye, kada ya zauna sai na ce. Su arba'in da bakwai ne, kuma kiran sunan ya cinye mana sauran awar, don kowannensu sai da na dube shi da kyau.