Inji Mai Fulogi Shida a Motar Babanmu

Kakarmu Iya ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. Na faɗi haka tun ina ƙarama, na sha ranƙwashi a kai, kuma har yau ban janye ba. Sauran tsofaffin Roni suna ba jikokinsu labarin da zai sa su barci. Tamu kuwa in ta buɗe baki, sai wani a gidan ya kasa haɗiye tuwo. Duk da haka ba ma fashi. Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, za mu jawo kara mu hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Tana zaune a kan tabarmar kaba, ƙafafu a miƙe, tana kaɗi, zaren na tafiya bakin na tafiya.

Babanmu shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In ya zo gaisuwa da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. In tana da saƙo sai ta ce da ni, "Ke Talatu, je ki gaya wa wancan ɗakina na yoyo." Alkunya ce, kowa ya san ta.

A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo, har masinjan ofis a Kazaure ya hau babur, Baba ya ga noma ya ishe shi. Ya sayi wata tsohuwar 'yar ƙaramar mota a hannun wani malamin asibiti da ya yi ritaya, wai zai riƙa kai mutane kasuwar Gwiwa da ta Ɓaɓura. Ta yi 'yan watanni tana tari tana tafiya, sai injin ya buga.

Ɗan'azumi makanike ya zo daga Kazaure ya duba ta a ƙofar gida. Muryoyinsu har tsakar gida, Iya na zaune tana tsince wake.

"Malam Garba, inji biyu ne a garejina," in ji Ɗan'azumi. "Ɗaya mai fulogi huɗu, irin nata ne. Ya ɗan sha jiki, amma zai zauna a mazauninsa, ramin noti zai hau ramin noti, giyarta za ta karɓe shi. Ɗayan na a-kori-kura ne, mai fulogi shida. Wannan ba naka ba ne."

"Don me ba nawa ba ne?"

"Motarka ba ta da ƙirjin ɗaukarsa. Lagiretonta ba zai sanyaya shi ba, birkinta ba zai tsayar da shi ba."

Baba ya yi dariya. "In cire tsoho in sa tsoho? Kai dai ka ce ba ka iya ba."

"Na iya. Shi ya sa ba zan yi ba."

Baba ya sayar da shanun huɗarmu guda biyu, waɗanda kakanmu ya bari, ya sayi babban injin, ya kai wa wani mai walda da bai san kalmar a'a ba. Aka yanke ƙarfe, aka ƙara ƙarfe, aka cusa. Sati uku ana wannan aiki. A gaban Iya aka kwance shanun aka fita da su, ba ta ɗaga kai ba. Kowane dare a satin nan uku ta yi mana tatsuniya, ta kura, ta kifi, ta makauniya da tulu.

Ranar da motar ta dawo, murfin injin bai rufu ba, da igiyar rama aka ɗaure shi. Hancinta ya dunƙufa ƙasa, bayanta ya ɗaga, kamar akuya na shan ruwa. Amma ƙara! Har kajin maƙwabta sai da suka hau danga. Baba yana ta murmushi. A fitarsa ta farko, a gangaren duwatsun hanyar Kazaure, giya ta ɓalle, birki ya ƙi. Ga mata masu tallan nono a gabansa, sai ya karkata ya bai wa dutse. Fasinjojin suka tsira da ƙujewa. Shi ƙafarsa ta karye wuri biyu. Mutumin da ya sayi shanunmu shi ya taimaka ya jawo gawar motar zuwa gida, da su.

Kwana uku bayan haka, Baba na kwance a ɗakinsa, mai ɗori ya ɗaure masa ƙafa da karare. Muka jawo kara kamar kullum, sai Iya ta ce, "Nan iska ta yi yawa. Ku matsar da wutar can." Can ɗin kuwa ƙofar ɗakin Baba ce.

"To ga ta nan tafe, mai kunne ya tara."

"Ta iso mu sha!"

Wai an yi wani ɗan jaki da zuciyarsa ta gaji. Ya je wurin wanzamin da ke sauya zuciya. Wanzami ya buɗe ƙwarya, ga guda biyu: ta wani tsohon jaki da ya faɗa rijiya, da ta doki. Ya ce, ta jakin ita ce taka. Jaki ya ce shi ya gaji da jakanci. Zuciyar doki ta ƙi shiga ƙirji, sai da aka karya haƙarƙari biyu, aka cusa, aka ɗinke da igiya. Iya ta shaƙe murya ta yi mana haniniyar jaki mai zuciyar doki, muka faɗi muna riƙe ciki. Da ya hau hanya, zuciya ta ce a yi sukuwa, ƙafafu suka ce mu fa na jaki ne. Zuciya ba ta jira ba. Ta tsinke ɗinkin ta fice, ta yi gaba abinta har Daura, ta bar shi kwance da ƙirji a buɗe. Ungulu ta sauka. Jaki ya ce, ki bari in mutu mana. Ungulu ta ce, ai tun ranar da ka zaɓa ka mutu, labarin ne bai iso ka ba.

"Iya, 'ya'yansa fa?" in ji ƙanwata Ladi.

"Aka ɗora musu kayan ubansu. Ta ƙare. Kan ɓera ya faɗa wuta, mai shi ya ciro."

Ni da bakina ba ya da linzami, ina dariya har da hawaye, na ce da ƙarfi, "Iya, ai Baba ne!"

Iya ta ci gaba da kaɗinta. "Ja'ira. Kin ji na kama suna? Jaki na ce."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Baba, a hankali. "Talatu, ku rage wutar nan. Hayaƙi na shigo mini."

Kafin sati ya zagayo, ƙannena sun kai tatsuniyar dandali. Ƙafar Baba ta warke a gajarce, ya koma gona da fartanya yana ɗingishi, kuma har gobe in ya wuce majalisa akwai mai cewa ƙasa-ƙasa, ga Zuciyar Doki nan. Mota an manta da ita, kaji ke ƙwai a ciki. Sunan ne bai ruɓe ba.

A sakandare na rubuta wannan tatsuniyar a darasin Hausa. Na sa darasinta a ƙasa da jan biro: kowa ya tsaya matsayinsa. Malama ta yaba, ta karanta wa aji. Sai daga baya abin ya fara ci mini rai. Iya ta ji Ɗan'azumi da kunnenta. Alkunya ta hana ta yi wa ɗanta magana, amma ba ta hana ta matsar da wuta ba, kuma sati uku cur tana da wutar, tana da bakin.

Da na zo hutun ƙarshe na same ta ita kaɗai, na tambaye ta kai tsaye, don ni ban iya zagaye ba. "Iya, me ya hana ki yi ta jakin nan kafin a fita da shanun?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin da ya sa ake sa gishiri a miya.

"Da na yi ta a lokacin, wa zai yi dariya?"

Na buɗe baki in gaya mata abin da ake kiran irin wannan hali. Sai na rufe. Ita dai jaki ta ce. Ni na kama suna.